Kyauta Mai Kitso da Kan Lovelyn

A Gagarawa in ka ce Kyauta mai kitso, ba mai tambayarka wace Kyautar. Tun tana budurwa take wannan sana'a a gindin darbejiyar tsakar gidansu, ga shi har furfura ta fito mata. Hannunta akwai zafi, bakinta ya fi. Ni dai tun abin da ta yi wa Lovelyn nake ganin girmanta, wasu matan unguwarmu kuwa har gobe ina jin haushinsu.

Lovelyn 'yar Dinah ce, wata mutuniyar Filato da ke aiki a sakatariya. Yarinyar tana aji uku farfaɗiya ta fara taɓa ta. Tana cikin barci sai gefen bakinta ya kama rawa, yawu na zuba, magana ta ɗauke, can kuma ta ware. Aka tura su asibiti Kano, aka ce a zo da kai a tsefe, ba mai, don za a liƙa mata wayoyin gwaji a kai. Kyauta ce ta tsefe ta wanke.

Aka kuma ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Likita ya ce ba ƙari, ba rauni. Akwai ɗan ɗigo guda, amma ba shi ne sanadi ba, ana ganin irinsa har a kan masu lafiya. Ciwon kuma irin wanda yara ke rabuwa da shi ne in sun tasa. Dinah, don murna, ta ba da labari a gidan suna. Kafin a watse, magana ta koma wai an ga tabo a ƙwaƙwalwar yarinya. "Ba ƙari" bai shiga kunnen kowa ba, ɗigon ne ya shiga. Haba jama'a!

Satin Sallah, lokacin da mai kitso ke tara abin da zai riƙe ta, Dinah ta kawo Lovelyn, kai a tsefe tun dawowarsu. Ina wurin, tsakar gida cike. Sharifa, wata 'yar unguwarmu da ta kwaso 'ya'yanta da na dangi, ta miƙe.

"Yaya Kyauta, ba dai da wannan tsinken za ki taɓa kan 'ya'yana ba?"

"Da wanne kike so, na gwal?"

"Yawunta fa zai zuba a cinyarki. Ana ɗauka."

"Ba a ɗauka. Kwarkwata ake ɗauka, ita ma na san gidan da take fitowa, ban taɓa tonawa ba."

Aka yi dariya, amma Sharifa ta tattara yaranta, wasu suka bi ta. Dinah ta kama hannun 'yarta. "Mama, bari mu tafi, kar mu kashe miki kasuwa."

"Zauna, 'yar nan. Lovelyn, zo nan. Shuku ko kalaba?"

Yarinyar ta ce shuku, da ƙyar muka ji. Kyauta ta kwantar da kan yarinyar a cinyarta, ta yi mata ƙanana, irin masu cin lokaci, tana yi tana mata faɗan motsi kamar kowa.

Lovelyn tana sakandare yanzu, ciwo ya daɗe da barinta. Su Sharifa kuwa har yau Gumel suke hawa mota su je kitso, girman kai ya hana su dawowa. Kyauta ta kafa kaskon awara a ƙofar gida tana cike giɓi. Na taɓa ce mata ta lallashe su mana. Ta ce in sayi awara ko in matsa mata daga gaban wuta.