Gwaggon Ɗakin Baya da Amyoyin Mai Zuma

Kafin mai shago ya gama kokawa da kwaɗon ƙofar gaba, ita ta riga ta shigo ta baya. Ta rataye jakarta a ƙusa, ta goge tabarau da gefen mayafi, ta kunna kwamfuta, ta ɗora ƙafa a kan wata tsohuwar na'ura da ke ƙarƙashin tebur. Shekararta ashirin da biyu ke nan a shagon hoton da ke bakin titinmu. Masu zuwa ɗaukar hoto ba su san da ita ba. Su dai a ce su yi murmushi, su yi, su kama gabansu. Mu 'yan zaman benci a ƙofar shagon mu muka sa mata Gwaggon Ɗakin Baya. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, na ce ba za ta tafi shiru ba.

Ni tsohon direba ne, karatuna bai yi nisa ba, amma na ga duniya, na san mai aiki na san mai baki. Aikinta ajiyar hotuna. Kowane hoto tana haɗa shi da wani ɗan ƙaramin fayil mai suna iri ɗaya da nasa, a ciki ake rubuta waye a hoton, yaushe aka ɗauka, a ina. Ita ke kiransa ɗan rakiya. In ka canza wa hoto suna ka bar ɗan rakiya, ko ka ɗauke ɗaya ka bar ɗaya, to ka raba su ke nan, kwamfuta ba za ta ƙara gane su ba.

Aminina Mai Zuma shi ya sa na san darajar wannan aiki. Mutumin nan yana da amyoyin zuma a kan bishiyoyi a daji, shekara talatin ko matarsa bai gaya wa wurin ba, saboda wani abokin hamayyarsa, Dogo. Wata rana ya kawo wayarsa a gyara masa hotunan amyoyin, zai tura wa ƙungiyar masu zuma su ga aikin manya. Gwaggo ta duba, ta kira shi ciki, ta nuna masa taswira cike da ɗige-ɗige.

"Baba, ka san nan?"

Ya cire hula ya mayar. "Wa ya kai ki?"

"Wayarka. Duk hoton da ta ɗauka sai ta rubuta wurin a jikinsa. Ka tura haka, ka ba Dogo kwatance har gindin bishiya."

"Munafuka! Kuma a aljihuna take zama! Goge, 'yar nan, goge duka!"

"Zan cire daga jikin hotunan, su tafi ba su san komai ba. Amma ka bar ni in ajiye wurin a ɗan rakiya, a nan wurina. Kai kaɗai ka san dajin nan. Ran da ka kwanta ciwo fa?"

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi!" Ya yi ta gunaguni har bakin ƙofa, sannan ya waiwayo. "Ajiye. Amma in Dogo ya ji, ni da ke ne."

Bayan shekara biyu hawan jini ya kwantar da shi, harshe ya yi nauyi, daidai lokacin ɗibar zuma. In lokacin ya wuce, wahalar shekara ta tafi, kuma da zumar nan gidan ke ci. Babbar 'yarsa, tela ce, ta yi tambayar duniya, sai nuni yake da hannu. Da na je dubiya, da ƙyar ya kama rigata ya fitar da kalma ɗaya: "Gwaggo."

Muka je shagon ni da 'yar, sai muka tarar da wata sabuwa. Ashe watannin baya, tana hutun jinyar ƙanwarta, mai shago ya sayi sabuwar kwamfuta, ya kwashe hotuna zalla, ya raɗa musu sunaye masu daɗin karatu, ya bar ƙananan fayilolin.

"Na ga ba hoto a cikinsu," in ji shi yana sosa ƙeya. "Na ɗauka tarkace ne."

Gwaggo ta dube ni ta saman tabarau. "Direba, in ka kwashe fasinja ka bar kayansu a tasha, me ake ce maka?"

Na ce, "Ba a cewa komai, duka ake yi."

Sai ta janye ƙafarta. Wannan tsohuwar na'urar da ta mayar matakin ƙafa, wadda mai shago ya yi ta neman ya ba masu gwangwan tana hanawa, ita ce tsohuwar kwamfutar. 'Yan rakiya dubbai na ciki, sunayensu lambobi ne kawai, ba ka san na wa da na wa ba. Ta zauna tana duba rana da sa'a da mintin da aka ɗauki kowane hoton Mai Zuma, tana nemo ɗan rakiyar da lokacinsa ya zo ɗaya. Wuni biyu cur, shayinta na hucewa a kofi. Bishiya talatin da bakwai, ba ta yar da ko ɗaya ba. Ta wanke hoton kowace, ta sa wa telar wuraren a waya.

Ni na ja motar, ga telar da mijinta a ciki. "Kawu, hagu. Kawu, ka wuce!" Yarinyar da na goya ita ke ba ni hanya. Muka tsaya, ta ɗaga hoto, ga bishiyar da karkataccen reshenta, ga amya a sama tana ƙugi. Mijinta ya hau, ni kuma na samu rabona na harbi a kunne, ya kumbura kamar faifai.

Da muka kai wa mara lafiya zumar ya ɗanɗana, ya dube mu ya ce, "Dogo?"

'Yarsa ta ce, "Bai sani ba, Baba."

Ya yi dariya da rabin baki. Daga ranar ya fara karɓar abinci.

Gwaggo, ke ce kika san abin da ya kamata a ɓoye da abin da bai kamata a yar ba, ba ki taɓa haɗa su ba. Ke ce rumbu, ana wuce ki da rani a tuna ki da damina. Amare nawa kika hana hotunansu nuna wa baƙo ƙofar gidansu, ba su ma san an yi ba? Sunan mai shago ne a allo, amma ƙafarki ce a kan amanar. Mun gode, Allah ya sa ki huta lafiya, ya ba idanun nan hutu.

Ku kuma masu tasowa, ku yi koyi da ita: ƙaramin abin da ba ku gane amfaninsa ba, ku tambaya kafin ku zubar. Mai shago dai ya koya. Jiya na leƙa na gan shi a kujerarta yana gwaji, ƙafarsa a kan tsohuwar kwamfutar. Mai Zuma kuwa ya tako da sandarsa, ya dire wa Gwaggo kwalbar zuma a tebur, ya ce ta bishiya ta talatin da bakwai ce, kuma kada ta kuskura ta ɗauke ta hoto.