Littattafan Yaya Hauwa da Fatar Falmata

Shekara tara ke nan da Allah Ya yi wa yayata Hauwa rasuwa. Malamar firamare ce a Ngojin, ta bar mana 'ya ɗaya, Falmata, wadda nake riƙo tun tana shekara biyar.

Duk wanda ya san Yaya ya san fitinarta a kan littattafan yara. Ta tsani ta buɗe littafi ta ga duk yaran ciki farare ne masu gashin masara. Sai ta riƙa bin direbobin manyan motoci masu zuwa Kano da Legas, tana ba su sautu wajen masu gwanjon littafi. Yawancinsu ba sa karanta boko, don haka ƙa'ida ɗaya ta ba su: a duba bango, in baƙar fata ne a kai, a sayo. Wani bawan Allah har littafin gyaran inji ya taɓa kawo mata, don makanikin da ke bangon baƙi ne wuluk. Ta sha dariya ta yi godiya. A haka dai ta tara labaran sarakunan Barno da Mali, da na yara masu kitso irin namu. Ranar Juma'a da yamma tabarmarta cika take da yaran unguwa, Falmata na kan cinyarta.

Yanzu Falmata ta zama budurwa, ga waya a hannu, kuma ba ta ɗaukar hoto sai ta sa abin da ke haska fuska. Na ɗauka ƙuruciya ce. Makon jiya na tsinci man bilicin a jakarta, an riga an shafe rabi. Na ga matan da man nan ya ƙone wa kunci a garin nan, kuma ina tsoron ranar da zan ga haka a fuskar 'yar Hauwa. Da tana raye me za ta ce? Na san ba za ta yi faɗa ba, littafi za ta ɗauko. Ni ma na ɗauko kwalin littattafanta na zube su a gaban yarinyar, na ce mahaifiyarta ta sha wahalar tara su ne don ta so fatarta.

Littattafan suna nan, gara ba ta taɓa ko ɗaya ba. Amma na fara gane cewa takarda ba ta wadatar in babu bakin da ke karanta ta, kuma waɗanda suka tuna Yaya da kyau sai raguwa suke yi.

Falmata ta nuna babban hoton mahaifiyarta da ke bangon falo, wanda muka kai aka faɗaɗa bayan rasuwar. Mai hoton ya haska fuskar, wai kyautatawa ce ga mamaciya.

"Amma Inna," ta ce a hankali, "ai Mama fara ce."

Hauwa ta fi ni baƙi. Allah Ya jiƙanta, 'yarta ba ta sani ba.