Yoyon da ya cinye labarin Hafsa

Ina tsaye a saman gininmu na unguwar Al Muntazah a Doha, hannuna duk tawada, Malam Isiyaka mai gyara, mutumin zangon Kumasi, yana ƙwaƙular gindin bututun hayaƙin tukunyar ruwan zafi.

Ta nan ruwan saman jiya ya zurara har kan kantar da nake ajiye littattafan yaran da nake koya wa rubutun Hausa duk Juma'a. Labaran da suka daɗe suna rubutawa duk sun jagwalgwale.

Malam Isiyaka ya ɓamɓaro busasshen gam, a ƙarƙashinsa wani, a ƙarƙashin wannan ma wani.

"Malama, kin gani? Duk shekara sai a shafa sabo a kan tsoho. Bara na ce a kankare duka, a zagaye bututun da ƙarfe, a zuba ruwa a gwada."

"To, me ya hana?"

"Mai kula da ginin ya ce, yalla, khalas, wai a bar maganar, sau nawa ake ruwa a Doha?"

Sau ɗaya aka yi, kuma ya isa.

Ranar Juma'a Hafsa, ɗaya daga cikin yaran, za ta tambaye ni labarin kakarta, na farko da ta rubuta da Hausa. 'Yan uwa, me zan ce mata?