Shekarar da Shamuwa Ba Ta Sauka Ba

Jiya da hantsi ina tsaye a kasuwar Katako, ina jiran a gama loda wa kamiyo, wato babbar mota, kaya, sai na hango wani baƙin abu kan wayar lantarki yana kaɗa fiffike. Na zuba masa ido. Na matsa kusa, ashe leda ce. Ni da furfurata, leda ta ruɗe ni na ɗauka shamuwa ce.

Kai da ka tashi ka tarar da Yamai cike da siminti ba za ka yarda ba, amma gangaren nan da kwata ke wari yanzu, fadama ce a da. Ruwanta ba ya ƙafewa ko da bazara. Ga bado, ga lambunan Zabarmawa, matansu suna tsinkar zogalen kwaɗon da suke kira kopto. Balbela fari fat, zalɓe tsaye kamar an dasa shi, kirinjijiya suna fito in sun tashi. Babu yaron da ke shiga wurin da danƙo. Ba gwamnati ta hana ba, tsofaffi ne. Ka harbi tsuntsu a can, duk babban da ya gan ka yana da ikon marinka. A tsakiya kuwa akwai wata ƙatuwar tsamiya, a kanta shamuwa ke sheƙa.

Kakana, mahaifin babana, ɗan cin rani ne. Gonarsa tana can gabas. In an gama girbi sai ya zo wurinmu a Zongo, inda baba ke ɗinki, ya zauna yana tufkar igiya. Irin geronsa tare da shi yake zuwa, cikin jakar fata, da shi yake matashin kai. Ba ya lissafin wata, ba ya tambayar kowa. Ranar da shamuwa ta sauka kan tsamiyar nan, washegari yana tasha, zai koma gona. A garinsu, gonar da damina ta tarar ba mai ita, dangi ke shuka ta, kuma wanda ya shuka ba ya fita. Ƙaninsa ya daɗe yana haɗiyar yawu a kanta.

Idon kaka ya yi yana, don haka ni ke gani masa. Kullum da safe in riƙe sandarsa mu gangara, mu zauna kan tudu, ƙanshin laka da albasa yana dukan hanci.

"Me ka gani, rago?"

"Zalɓe ne, tsoho."

"Wannan ba ya noma. Sake dubawa."

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, masu aikin hanya suka zo. Gari na murna, ana ta gine-gine. Muna zaune suka sa wa tsamiya gatari. Kaka ya saurara har ta faɗi. Ya miƙo mini sanda muka koma gida.

Bazara ta zo da zafinta. Ba mu daina zuwa ba. Wata safiya na ga garken shamuwa, baƙaƙe masu fari a ciki, suna kewaya kututturen can sama. Suka kewaya, suka kewaya, suka miƙe hayin gulbi. Na gaya masa duk yadda na gani.

"Sun sauka?"

"A'a, sun wuce."

"To ba su zo ba ke nan."

Baba ya yi ta fama da shi. Ya ce direbobi a tasha suna cewa an yi ruwa a gabas, gara ya kama hanya.

"Direba ya taɓa riƙe sungumi?" in ji kaka. "Na taɓa bin ruwan farko na zuba iri, rana ta ƙone shi a rami. Tsuntsuwar nan ba ta taɓa yi mini haka ba."

Kada ka ce taurin kai ne kawai. Tun yana saurayi abu ɗaya ya dogara da shi, kuma bai taɓa ba shi kunya ba. Babu wanda ya gaya masa cewa ana iya sare shi da gatari.

Muka ci gaba da zama gaban kututture. Sai da ruwa ya sauka a Yamai har ya cika mana tsakar gida, sannan ya ce a kai shi tasha. Kafin a kai shi, wani ɗan garinsu ya iso. Ya gaishe shi, ya sunkuyar da kai, ya ce ƙaninsa ya shuka gonar, gero har ya rufe ƙasa.

Kaka ya jawo jakar fatar ya tura wa innata.

"Daka, ki yi wa yara fura."

"Baba, iri ne fa."

"Na sani. Daka."

Ta daka tana share ido da gefen zane. Muka sha, shi bai taɓa ba. Ba zan ɓoye maka ba, ban sake shan fura mai daɗinta ba. Bai ƙara cewa in kai shi fadama ba, kuma bai ga wata damina ba. A Yamai aka rufe shi, cikin baƙi.

Yanzu fadamar ta zama shaguna da bola. Balbela kaɗan sun rage, suna tsintar ƙazanta bayan mahauta. Garin kaka ban taɓa taka shi ba, ba ni da ko taƙi ɗaya a can. 'Ya'yana in aka tambaye su garinsu sai su ce Zongo, kuma ba su yi ƙarya ba. In hadari ya haɗu, abin da ke damunsu kada kwata ta shigo ɗaki.

Yau da safe na sake bi ta wurin, na ɗaga kai. Ledar tana nan kan waya. Ita ba ta zuwa ko'ina.