Kwamfutar Mai Hoto da Fina-finan da Suka Rage

Ranar Talata, tara ga watan Maris, da ƙarfe goma sha ɗaya da kwata na safe, na fara ganin Mai Hoto. Na san lokacin ne saboda yana cikin rajistar ofishinmu da rubutun hannuna. A ranar ake kwashe matattun kwamfutoci daga sito, ni kuma a matsayina na akawu ina bakin ƙofa ina rubuta duk abin da ya fita. Wani dattijo mai tabarau mai kauri ya tsaya a kaina, ya ce shugaban sashe ya ba shi kwangon kwamfuta ɗaya.

"Baba, babu komai a cikinsa fa," na ce.

"Akawu, kai dai rubuta. Hanjin yana gida."

Daga baya na gane layinmu ɗaya. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana ɗaukar hoto a shagonsa, har wayoyi suka kashe sana'ar. Abin da ya rage masa shi ne kwalaye bakwai na tsofaffin fina-finan hoto, guda dubu huɗu da ɗari da sittin, ni na ƙirga. Likita ya gaya masa yana da hawan jinin ido. Na hagu ya riga ya tafi, na dama ba zai wuce shekara ba. Burinsa ya shigar da hotunan cikin kwamfuta, ya rubuta sunan kowa a ƙasa, domin duk duniya shi kaɗai ya san su wane ne a ciki.

Da hannunsa ya haɗa na'urar a kan teburin guga: wannan daga wurin mai gyara, wancan daga wani tsohon abokin aiki, fanka kuwa da waya ya ɗaure ta. Ya jona tsohuwar sikanarsa mai karanta fim. Ta tashi lafiya. Sai dai ba ya wuce hoto biyar, fuskar kwamfutar ta yi shuɗi, komai ya tsaya cak.

Ranar da na fara leƙa shi bayan tashi daga aiki, na tarar ya zare memori, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya sauya waya, ya kuma ɗora sabon direba, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'urar da aka jona mata. Duka a zama ɗaya.

"To in ta gyaru, wanne ne ya gyara ta?" na tambaye shi.

"In ta gyaru ina ruwana da wanne?"

"In ta sake lalacewa fa?"

Ya cire tabarau ya murza ido. "Kai da matarka kuna shan fama, ko?"

Washegari na zo da littafi mai layi, na ja gida huɗu: rana, lokaci, abin da muka canza, abin da ya faru. Na kafa doka, abu ɗaya a rana. Ya ce wannan tafiyar hawainiya ce, shi kuma idonsa ba ya jira. Gaskiya ya faɗa, amma ban san wata hanya ba.

Muka bi memori ɗaya bayan ɗaya. Muka share ƙura. Muka gwada direbobi shida, duk sababbi, domin shi a ganinsa sabo ba zai kasa tsoho ba. A mako na biyar na tsinci wani faifai a gindin kwalin sikanar, ɗauke da direbanta na asali, mai shekara goma sha biyar. Ya yi tsaki, amma ya bari na ɗora. A ranar muka yi hoto arba'in ba tare da ta ko yi tari ba.

Kwana biyar aka yi lafiya, sai shuɗin ya dawo. Na duba, sabon direba ya koma mazauninsa.

"Baba, ka taɓa ta."

"Wallahi ban taɓa ba."

Na mayar da tsohon, aka samu 'yan kwanaki, aka koma gidan jiya. Haka muka yi ta yi. Na daina yarda da shi, ya daina rantsuwa. Akwai yammacin da muka zauna awa guda, fanka tana ta kuka, shi yana ɗaga fim saitin taga yana matse ido. Wata rana ya miƙo mini ɗaya ya ce, "Duba mini, mutum uku ne ko huɗu?" Biyu ne.

A watan Yuli, wata Asabar da ba na zuwa, na biya don in mayar masa da sukudireba. Na tarar da 'yarsa, ma'aikaciyar jinya, zaune gaban kwamfutar da wayarta a jone.

"Kawu, sannu da zuwa. Intanet nake ɗan ba shi ya ga jikokinsa. Duk Asabar sai na yi, in ba haka ba ya ishe ni da mita."

A ƙasan fuskar kwamfutar wani ɗan rubutu yana cewa tana sabunta kanta. Na koma gida na buɗe littafin. Kowace lalacewa tun daga ranar faifan, Lahadi ce. Sau goma sha ɗaya, a jere, da rubutuna. Ashe duk Asabar da ta samu intanet, ita da kanta take mayar da sabon direban. Ina da gidan abin da muka canza, ba ni da gidan wanda ya shigo ɗakin. Hana ta sabunta kanta bai ɗauke ni minti uku ba.

Na ba shi haƙuri a kan zargin da na yi masa. Ya ce, "Bar shi, Akawu. Miƙo kwali na biyu."

Daga nan ba ta sake tsayawa ba, sai dai shi ne ya rage sauri. A Agusta yana yin talatin a rana. A Disamba sai da gilashin ƙara girma, takwas ko tara, yana faɗar suna ina bugawa. Wani lokaci ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wuce."

Ranar sha huɗu ga Fabrairu ya yi na ƙarshe, lamba dubu biyu da ɗari uku da shida. A watan Afrilu idon dama ya rufe, 'yarsa ta ɗauke shi zuwa gidanta, tare da kwamfutar da kwalayen. Ita ta ƙarasa shigar da sauran dubu ɗaya da ɗari takwas da hamsin da huɗu, babu suna ko ɗaya a ƙasansu. Yana nan da ransa, ina zuwa gaishe shi ranar Lahadin farko ta kowane wata. Kwamfutar tana aiki har yau.