Waldar da Usta Mato Ya Yi

A ƙauyukan da ke kewaye da Wad Haddad, in kana son ka ga Usta Mato ya fusata, to ka ambaci walda a gabansa. Makanike ne, direba ne kuma, yana da tsohuwar lori da ya gada wurin mahaifinsa, wadda ta yi shekaru tana kwasar auduga da dawa daga gonakin noman rani. A ganinsa duk abin da aka ɗaure da ƙusa, da ƙusa ake kwance shi. Mai liƙe ƙarfen inji da wuta kuwa, cewa yake ya yanke wa motar hanyar magani. Maƙwabcinsa Hashim mai walda ya sha wannan gorin har ya daina jin zafinsa.

Da yaƙin Sudan ya iso yankinsu na Jazira, masu bindiga suka shiga bin ƙauyuka suna kwashe motoci. Mato ya riga su, ya cire fulin da ke bakin karank, wato faifan da ke juya bel ɗin fanka da famfon ruwa. Suka zo suka tsaya masa a ka, suka ce ya mayar. Ya ce to. Ya sa ƙusar fulin a karkace yana sane, ya zura bututu a sifana ya hau kai da ƙarfinsa duka, har ya ji haƙoran ramin sun cinye. Aka tada inji, fuli ya yi rawa ya faɗo. Suka mare shi, suka ce za su dawo da wanda ya iya aiki. Ranar Mato ya shiga gida kunci a kumbure, amma yana murmushi, ya tsirar da motar ubansa.

Murnar ba ta daɗe ba. Labari ya zo cewa an ƙona ƙauyen da ke ƙetaren tur'a, babbar hanyar ruwan nan. Mutane suka fara ficewa, wasu a ƙafa, wasu a keken jaki. Matarsa Barakatu da yara za su iya takawa. Mahaifiyarsa Inna Mairo ce ba za ta iya ba, ƙafafunta sun daɗe da mutuwa, jijjigar keken jaki kuma ba za ta kai ta ko Sinnar da rai ba, balle Mai Wurno inda 'yarta take aure. Sai mota, motar kuwa shi ya kashe ta da hannunsa.

Tun hantsi yake durƙushe a gaban injin. Ya yi tsagi a jikin wata ƙusa da magagari don ta sake yanka haƙora, ta shiga ta fito ba ta kama komai ba. Ya nemo doguwa ko za ta tarar da sauran haƙora a can ciki, ya tarar ashe ya yi ɓarnar da kyau, bai bar ko ɗaya ba. Ya naɗe ta da wayar jan ƙarfe ya ɗaure. Inji ya tashi, mata suka fara jefa ƙunshin kaya a baya, sai ga fuli yana gangarawa cikin ƙasa. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko lokacin da bindiga ke kan wuyansa. Ya zauna dirshan yana kallon hannuwansa, yana tsine musu.

Hashim ya zo ya tsuguna kusa da shi, ya ajiye sandunan walda a ƙasa. Babu wuta a garin, amma ya tono baturan mota da maƙwabta suka binne don ɓoye wa masu bindiga.

"Ya Usta, halas, shi ke nan," in ji Hashim. "Ba wata dabara ta rage. Ka matsa in liƙe."

"In an liƙe, ba a sake buɗe injin ga har abada," in ji Mato. "Zahi zai cinye robar mai. Tana tahiya tana zubda mai har ta mutu."

"Na sani."

Mato ya miƙa hannu. "Ba ni. Ni na ɓata ta."

Ya naɗa jiƙaƙƙen tsumma a bayan fulin, ya kare ido da baƙin gilashin Hashim, ya liƙe ƙarfe da ƙarfe. Aikin ya fito mummuna, duk ƙulu-ƙulu, amma da aka tada inji fuli bai motsa daga wurinsa ba. Mai ya fara ɗiga a ƙasa tun ba a fita daga tsakar gida ba. Ya tattara duk galan ɗin man da ya samu ya ajiye kusa da ƙafarsa.

Shi ya ɗauko Inna Mairo a hannu, ya kwantar da ita a kujerar gaba. Tana riƙe da makullin ɗakinta a bakin zane. Ta shafa ƙofar motar, don ta san ta tun mijinta na da rai.

"Mato, ta gyaru?"

"Ta gyaru, Inna."

"In an lahwa, ita za ta maido mu gida?"

Ya gyara mata matashi, ya rufe ƙofa, ya zagaya ya shiga. Sai da ya sa giya sannan ya amsa, idonsa a kan hanya.

"Za ta kai mu, Inna."