Rahoton Faruƙ a Kan Ɗan Alhaji Kadri

Faruƙ bai taɓa buga ƙwallon Amurka ba, ko da wasa. Ɗan Fagge ne, siriri, mai tabarau, karatun ƙididdiga ne ya kawo shi New York. Ranar da ya fara ganin wasan a talabijin dariya ya yi: ƙarti sun sa hular kwano suna turereniya a kan ƙwallo mai kama da gwanda. Neman abin yi ne ya kai shi wata babbar ƙungiya, aka zaunar da shi a ɗaki marar taga yana yanka bidiyon wasanni. Shekara shida yana kallon samari suna gudu suna cafe ƙwallo, har idonsa ya buɗe. Ya iya gane wanda ke runtse ido kafin a buge shi, da wanda ƙugunsa ba ya saurin juyawa. Daga nan aka mayar da shi mai farautar 'yan wasa, aka ba shi ɓangaren masu cafe ƙwallo.

Duk ƙarshen Afrilu ƙungiyoyi kan zauna su zaɓi samari daga jami'o'i, ɗaya bayan ɗaya, abin da ake kira diraf. Kafin lokacin Faruƙ zai auna tafin hannun yaro, ya danna agogo a kan gudunsa, ya bincika malamansa har da tsohuwar budurwarsa, ya rubuta shafi biyu. Ba ya ƙarya a rahoto, ba ya kuma ragawa. Ogansa yakan ce alƙalamin Faruƙ ba shi da dangi.

A unguwar Tremont kuwa, inda Faruƙ ke sayen nama, babu wanda bai san Abdul-Fatawu ba, ɗan Alhaji Kadri mai shagon nama, mutumin Zangon Kumasi. Shekararsa ashirin da biyu, yana wasa a wata ƙaramar jami'a, kuma in ƙwallo ta taɓa yatsunsa ta zauna ke nan. Hausa yana ji sarai, amma da Turanci yake amsawa. Faruƙ ya daɗe da sa masa ido, ya kuma san za a ɗauke shi a zagaye na biyar ko na shida na diraf.

Wata Juma'a cikin Maris, bayan an sauko daga masallaci, Alhaji Kadri ya ja shi bayan shago, kusa da firjin nama.

"Malam Faruƙ, kai namu ne, shi ya sa zan gaya maka. Yaron nan kansa ba lafiya. An buge shi a wasan Nuwamba, ya ɓoye wa likitan makaranta don kar a ajiye shi. Yanzu haske yana damunsa. Rannan yana jan mu salla ya tsaya a tsakiyar Fatiha, ya rasa abin da ke gaba. Ka samo mana likita mai riƙe sirri."

"Zan samo, Baba. Ka kwantar da hankalinka."

A cikin jirgin ƙasa na layin D, kafin ya sauka, ya gama rubuta maganar a wayarsa. Ya gaya wa kansa aikinsa ke nan, kuma gaskiya ce. Ran Litinin ogan ya karanta, ya ɗago kai.

"Wa kuma ya sani?"

"Babu kowa."

"To, a sani."

Faruƙ ya gane nufinsa. In sauran ƙungiyoyi suka tsorata da yaron, babu mai zaɓensa, su kuma sai su kira shi gwaji ba tare da sun ɓata zaɓinsu ko ɗaya ba. Bayan kwana uku, wajen shan kofi da wani takwaransa na wata ƙungiya, Faruƙ ya saki jimla ɗaya kamar suɓutar baki. Ba a yi mako biyu ba ta zaga ko'ina. Likita kuwa bai nema ba.

Ran Asabar, ranar ƙarshe ta diraf, Alhaji ya rufe shago. Faruƙ yana ofis, Alhaji ya turo masa bidiyo: falo cike da mutane, matarsa Hajiya Nuriyya ta dafa shinkafa da wake tukunya biyu, Abdul-Fatawu cikin sabuwar kwat, wayarsa a kan tebur kowa na satar kallonta. Aka kira suna sama da ɗari biyu da hamsin, babu nasa. Da aka rufe, Faruƙ aka sa ya buga wayar gayyatar gwaji. Yana jin kabbara ta tashi a falon. Alhaji ya karɓi wayar.

"Duk sun ƙi shi, kai kaɗai ka tuna da mu. Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Faruƙ ya ce amin.

A sansanin horo, cikin zafin Agusta, yaron ya kwana goma sha ɗaya bai yar da ƙwallo ba. Rana ta goma sha biyu ya ratso tsakiyar fili, ya miƙa hannu sama, wani mai tsaron baya ya same shi a haɓa. Ya tashi da kansa, ya nufi cikin abokan hamayya ya tsaya yana jiran umarni, sai da aka riƙo hannunsa. Bayan kwana tara aka sallame shi, aka aiki Faruƙ ya karɓo kwamfutar hannu ta ƙungiya.

Ya same shi yana zuba takalma a baƙar leda. Yaron bai ɗago ba, ya yi magana da Hausa mai tsami, a hankali.

"Kawu, wakilina ya ce tun Afrilu kowa ya san maganar kaina. Wa ya faɗa?"

Faruƙ ya lalubi amsar da ba ƙarya ba ce, ya samu.

"Ka tambayi babanka. Shi ya fara fitar da ita."

Abdul-Fatawu bai tambaya ba. Ya kwashe kayansa daga gida ya koma wajen wani abokinsa a wata jiha. Mahaifiyarsa kaɗai yake kira, in Alhaji ya karɓi wayar sai ya kashe. Tsohon ya rame, ya riƙa tare mutane a ƙofar masallaci yana tambayar me ya yi wa ɗansa. Sau biyu ya je har gidan Faruƙ a titin Grand Concourse, da ƙullin nama mai kyau.

"Yana ganin girmanka. Ka kira shi, ka ji laifina."

"Zan kira shi, Baba."

A Janairu aka ƙara wa Faruƙ matsayi, ya tashi da iyalinsa zuwa ƙetaren kogi, kusa da filin horo. Matarsa Sharifa ta yi ƙorafi naman can ba ya daɗi, ta tambaye shi me ya hana su ci gaba da saye a wajen Alhaji.

Ya ce Tremont ta yi nisa, kuma babu wurin ajiye mota.